Babu Ƙara a Sararin Samaniya

A makarantar sakandaren da yake koyar da fiziks, yara sun laƙaba masa suna Malam Amma-Fa, saboda ba ya barin magana ta wuce salin alin. Ko yaro ya ba da amsa daidai, sai ya gyaɗa kai, ya tura tabarau sama da ɗan yatsa, ya ce, "Haka ne, amma fa..." Ya san da sunan, kuma a ransa bai ƙi shi ba. A gida matarsa, wadda take aikin ba da magani a asibiti, Malam kawai take ce masa. 'Ya'yansu biyu. Babban yana jami'a a wani gari, sai Auta, 'yar shekara goma sha huɗu, wadda take karatu a makarantar da uban yake koyarwa.

Auta tasa ce tun tana ƙarama, kowa a dangi ya san haka. Kullum da safe tare suke tafiya makaranta a tsohuwar motarsa, kuma kafin su kai sai ta yi masa tambaya. Me ya sa cokali yake kamar ya karye in an tsoma shi a kofin ruwa? Me ya sa ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa? Shi kuwa ya yi ta bayani yana sakin sitiyari yana zane a iska, har sai direban baya ya danna masa oda. Wannan tafiyar ita ce abin da ya fi so a duk yininsa, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Sai ƙanin matarsa ya dawo garin. Mutum ne ƙato, mai dariya kamar ana juye duwatsu daga tifa, wanda ya buɗe shagon ba da hayar kayan sauti ga masu taro da biki. Abokansa Lasifika suke kiransa, Auta kuwa Kawu. Bai yi aure ba, ba shi da ɗa, kuma duniya ba abin da yake so kamar finafinan sararin samaniya, irin masu kumbo da harbe-harbe da duniyoyi suna tarwatsewa. Asabar ta farko da ya zo gaisuwa ya ɗauki Auta ya kai ta sinimar da ke saman babban kantin tsakiyar gari. Daga nan abin ya zama kamar ƙa'ida: duk Asabar ɗin da aka kawo sabon fim, da rana sai a ji odar motar ɗaukar kayansa a ƙofar gida.

Da farko Malam bai ɗauki abin a bakin komai ba. Har ma ya bi su sau ɗaya, da Auta ta matsa masa. Suka zauna ita a tsakiya, da gugguru a cinyarta. Ba a daɗe da farawa ba wani kumbo ya fashe, ƙarar ta girgiza kujeru, wuta ta tashi ja wur a kan allo. Lasifika ya daki gwiwarsa ya ce, "Kai! Ji ƙarfin nan!"

Malam ya sunkuyo wajen kunnen Auta. "Babu iska a can. Da me ƙarar za ta taho? Kuma wutar nan me take ci?"

"To, Abba," ta ce, idonta a kan allo.

Can wani matuƙi ya karkata kumbonsa ya sha kwana kamar shirwa. Malam ya sake sunkuyowa. "Jirgin sama ne ke karkata haka, don yana da iskar da zai jingina da ita. Wannan fa?"

"To, Abba."

A karo na gaba bai ma rage murya ba. Wata mata da ke gabansu ta waiwayo ta ce, "Bawan Allah, don Allah in darasi za ka ba da, ka jira a kunna fitila mu ɗauko biro." Mutanen layin suka kwashe da dariya. Auta ta nutse cikin kujera. Tun daga ranar ba ta ƙara ce masa ya zo ba, shi ma bai ce zai je ba.

Abin da ya fara ci masa rai shi ne dawowarta. Takan shigo gida fuska a washe, ta wuce shi a falo da "Sannu da gida, Abba," ta faɗa kicin wajen uwarta tana ba da labari da hannu da baki, har da kwaikwayon ƙarar injin. "Umma, sai Kawu ya ce wannan kyaftin ɗin ba zai kai ƙarshe ba, mai yawan nuna hoton iyalinsa ba ya daɗewa. Wallahi kuwa sai ga shi!" Kawu ya ce, Kawu ya ce. Malam yana zaune da littattafan yara yana duba aikinsu, sai ya ga ya karanta layi ɗaya sau da yawa bai fahimci komai ba. Da safe a mota tambayoyin ba su ƙare ba, amma sun canja hanya. Yanzu sai ta ce, "Abba, ka san a fim ɗin jiya..." shi kuma ya tare ta da "Ƙarya ce," tun ba ta kai ƙarshe ba. Ita kuma ta koma kallon taga.

Ana haka makaranta ta shirya taron da ɗalibai suke fitowa gaban jama'a su faɗi abin da suke so su zama. Aka cika babban ɗakin taro, malamai a jere a gefe guda. Da aka kira Auta ta fito ba ko rawar murya, ta ce ita injiniyar kumbo take so ta zama, wadda za ta ƙera injin da zai kai mutum wata duniya ya dawo da shi lafiya. Aka tafa. Shugabar makarantar ta karɓi abin magana tana murmushi ta ce, "To, wa ya sa miki wannan sha'awar? Ko da yake ina jin mun san amsa." Duk malamai suka juyo suna kallon Malam. Shi ma ya fara gyara zama, murmushi yana neman ƙwace masa.

"Kawuna ne," in ji Auta. "Shi yake kai ni kallon finafinan sama. A can na fara jin ina so in je."

Aka sake tafawa. Malamin labarin ƙasa da ke kusa da shi ya zungure shi da gwiwar hannu ya ce ƙasa-ƙasa, "Malam, kai ka yi shuka, wani ya zo ya girbe. Amma fa..." Malam ya yi dariyar yaƙe. Ya tafa tare da kowa, tafukansa kamar ba nasa ba. Duk ragowar taron bai ji abin da ko ɗalibi ɗaya ya faɗa ba. Abin da yake ta juyawa a ransa shi ne, mutumin da bai san bambancin tauraro da tauraron ɗan adam ba, mai ɗaukar lasifika a kafaɗa daga wannan rumfa zuwa waccan, shi ne aka ambata a gaban abokan aikinsa.

Ranar Juma'a da aka tashi ya shiga ɗakin gwaje-gwaje ya ɗauko wata babbar kwalba mai kama da ƙararrawa da famfon zuƙe iska, ya naɗe su a tsohon tawul ya sa a bayan mota. Auta ta tambaye shi na mene ne, ya ce za ta gani.

Da Lasifika ya zo washegari, ya tarar an share teburin falo an kafa kwalbar a tsakiya. Malam ya tarbe shi da fara'ar da ta wuce ta kullum.

"Zauna, zauna. Kafin ku tafi ina so in nuna maka wani ɗan abu. Ba ni wayarka."

"Yaya, ko dai bincike za a yi mini?" Ya miƙa yana dariya.

Malam ya ɗora wayar a kan soso, ya kife ta da kwalbar, ya ce wa matarsa ta kira lambar ƙaninta. Ta tsaya a bakin ƙofar kicin, ta dube shi ta dubi kwalbar, sannan ta kira. Kiɗan wayar ya tashi, mai ganguna da ƙaho, irin wanda ake ji daga tsallaken titi. Malam ya kunna famfo. Iskar ta fara fita, kiɗan ya soma dusashewa kamar mai tafiya nesa, ya koma ƙasa-ƙasa, har ya ɓace. Wayar tana nan tana haske, sunan mai kira yana kan fuskarta, amma ba a jin komai.

Malam ya kashe famfo. Ya tura tabarau sama. "To, haka sama take. Duk fashe-fashen nan da kuke zuwa ji, duk rugugin injin nan da kake dukan gwiwa a kansa, babu shi. Yaudarar yara ce, da manyan da ba su yi nisa a karatu ba."

Ya jira ya ga fuskar surukin nasa ta canja. Sai ga Lasifika ya durƙusa a gaban tebur, hancinsa dab da kwalbar, baki buɗe.

"La ilaha illallahu! Yaya, ina kiɗan ya tafi? Yana ciki?"

"Yana bugawa. Ba abin da zai ɗauko shi ne zuwa kunnenka."

"Kai! Ashe duk sana'ata iska nake turawa! Don Allah sake yi. Ke ma Yaya Babba," ya juya wajen yayarsa, "sake kira, sake kira! Auta, ɗauko wayar Abbanki ki ɗauka mini bidiyo, sai na nuna wa yaran shago. Wallahi wannan ya fi fim!"

Ko a jikinsa. Maganar rashin nisa a karatu ta wuce ta saman kansa kamar ba da shi ake ba, ko kuma ya ji ya bar ta ta wuce. Auta ce ba ta motsa ba. Tana tsaye jikin labule, mayafinta a hannu, idanunta sun kaɗa.

"Abba, na sani," ta ce. "Tun ina firamare ka faɗa mini babu ƙara a sama. Ban manta ba. Ba don a koya mini fiziks nake zuwa ba."

"To don me kike zuwa?"

"Don daɗi! Kuma ba sai ka kira Kawu jahili ba."

"Wa ya kira shi jahili?"

"Auta, a'a," in ji Lasifika, yana miƙewa. "Wasa ne tsakanina da Yaya."

Amma ran Malam ya riga ya ɓaci. A gabansa 'yarsa ta tsaya tana kare wani. Ya ce jarrabawa ta kusa, daga yau babu sauran zuwa sinima sai an gama, kuma bayan an gama ma sai ya duba. Auta ta juya ta shige ɗakinta. Lasifika ya tsaya yana sosa ƙeya, ya roƙi a ciro masa wayarsa, ya yi sallama da murya ƙasa da wadda aka san shi da ita, ya fita.

Matar Malam ta bar shi ya gama naɗe kwalbar a tawul. Sannan ta zauna a hannun kujera.

"Malam, yaushe Auta ta taɓa faɗuwa jarrabawa?"

"Rigakafi ya fi magani. Ke ya kamata ki fi kowa sani."

"Na sani. Na kuma san ciwo in na gan shi. Wannan naka sunansa kishi."

"Kishi? Ni? Da wa? Da mai hayar lasifika?"

"Ka ji ko? Ko sunansa ba ka iya faɗa ba tare da ka haɗa da sana'arsa ba."

"Gaskiya nake karewa. Yarinya tana so ta zama injiniya, ana cika mata kai da kumbo mai shan kwana kamar keke."

"To, Allah ya taimaki gaskiya," ta ce, ta tashi. "Amma ka sani, ƙanina ba ƙwace ta ya zo yi ba. Ba shi da kowa a garin nan sai mu."

Makonnin da suka biyo baya sun yi masa tsawo. Auta ba ta yi rashin kunya ba, ba ta daina gaishe shi ba. Karatu take yi kamar yadda ya ce. Amma a mota da safe shiru ne daga ƙofar gida har ƙofar makaranta. Ranar nan ya gwada da kansa, ya nuna mata bakan gizo a cikin ruwan da wani mai wankin mota yake fesawa, ya ce ko ta san dalili. Ta ce, "Na sani, Abba," ba ta ƙara ba. Wata rana kuma ya wuce ta ƙofar ɗakinta ya ji ta tana waya tana dariya, irin dariyar da ya daɗe bai ji ba, ya tsaya, sai ya ji ta ce, "A'a Kawu, kada ka ba ni labari! Zan jira." Ya koma falo ya zauna, ya ɗauki jarida ya ajiye.

A lokacin an kawo wani sabon fim da duk ɗaliban makarantar suke magana a kai. Hotonsa yana manne a jikin motocin haya: ƙaton kumbo mai ɗaukar ƙanƙara daga wata duniya zuwa wata, da mutum ɗaya ƙarami a rataye a jikinsa. Ranar Alhamis darasin Malam ya ƙare da wuri, Auta kuma tana da ƙarin karatu har yamma. Ya shiga mota da niyyar zuwa gida, sai ya tsinci kansa a hanyar tsakiyar gari. Ya faɗa wa kansa cewa zai je ne ya ga irin shirmen da aka zuba, don in Auta ta kawo maganar ya san ta inda zai ɓullo mata.

Ɗakin kallon kusan babu kowa. Ya zauna can baya ya harɗe hannu. Shirme kuwa ya same shi yadda yake so. Kumbon yana ruri kamar babbar mota a kan tudu. Mutane suna yawo a cikinsa ƙafa a ƙasa ba tare da an nuna abin da ke riƙe su ba. Duwatsun sama sun cunkushe wuri ɗaya kamar kasuwa. Yana ta gyaɗa kai shi kaɗai, har da tsaki.

Sai aka zo inda dutse ya bugi kumbon, ɓangare ɗaya ya rufe da mutane a ciki, fitilunsu suka mutu, na'urar magana ta lalace, iskarsu tana ƙarewa. Ba su san ko sauran suna raye ba. Wani tsohon makanike, wanda tun farkon fim ɗin ake yi masa dariya don tsufa da mita, ya sa rigar fita waje, ya bi jikin kumbon yana rarrafe da guduma a ɗaure a ƙugu. Da ya isa ƙofar da ta maƙale ya ga ba zai iya buɗe ta shi kaɗai ba, sai ya fara dukan ƙarfen. Ƙwang. Ƙwang. Ƙwang. Ƙarar ta cika ɗakin sinimar. Malam ya buɗe baki zai ce babu iska, amma babu wanda zai faɗa wa. A ciki, cikin duhu, wata yarinya ta ɗaga kai. Ta lalubo wani ƙarfe ta rama dukan. Tsohon ya tsaya cak, ya kifa goshin hularsa a jikin ƙofar.

Malam bai san lokacin da ya warware hannuwansa ba. Ya dai ga ya riƙe hannun kujera gam, kuma tabaransa ya yi hazo.

Da aka kunna fitila ya tashi da sauri don ya riga kowa fita. A bakin ƙofa ya yi karo da wani ƙato ɗauke da tsani a kafaɗa da waya a naɗe a wuya.

"Yaya?"

Lasifika ne. Ashe masu sinimar sun kira shi ya duba wata lasifika ta gefen hagu da take kaɗawa, yana jira a gama ya shiga.

"Yaya, kai ne a nan? Kai kaɗai?" Ya leƙa fuskarsa. "Me ya samu idonka?"

"Sanyin na'urar nan ne. Sun ƙure ta."

"Ai kuwa. Ni ma ranar da na kalla ya shiga mini ido, daidai wajen gudumar nan." Ya jingine tsanin yana ƙunshe dariya. "Ya ka gani?"

"Cike yake da kurakurai."

"Na yarda. Amma ya ka gani?"

Malam ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. "Tsohon ya iya wasa," ya ce da ƙyar.

Lasifika ya daina dariya. "Ka san ni kaɗai na zo na kalla? Na sayi gugguru na rasa wanda zan miƙa wa. Yaya, in na yi maka laifi ka faɗa mini. Ni ban san ƙarfin jan ƙasa ba, ban san komai ba. Na dai san in abu ya fashe yarinyar nan takan yi ihu, ni ma in yi. Kai kullum tana gidanka, kana ganin ta safe da yamma. Ni Asabar kawai nake samu, ita ma aro."

Malam bai shirya wa wannan ba. Ya zo da amsoshin da zai ba mai gardama, ga shi ba a yi gardamar ba. Ya mayar da tabarau, ya ce, "A gaban duk malamai ta ce kai ne ka sa mata son sama."

"Ta ce haka?" Fuskar Lasifika ta washe gaba ɗaya, kafin ya tuna wanda yake gabansa ya yi ƙoƙarin gyarawa. Bai iya ba. Murnar ta ƙi ɓoyuwa, kuma Malam ya ji ta har cikin haƙarƙarinsa.

"Kada ka faɗa a gida ka gan ni a nan," ya ce.

"Haba Yaya. Bakina alekum."

Kafin Malam ya ɗauko Auta daga makaranta su isa gida, labari ya riga su. Matarsa ta buɗe musu ƙofa tana tambayarsa ko idon ya yi sauƙi, ko ta kawo masa magani daga asibiti. Auta ta dubi uwar ta dubi uban. Da aka yi mata bayani ta zaro ido.

"Abba! Ka je ka kalla? Ba ni?"

"Dubawa na je yi."

"Ni ka hana ni, kai ka je!"

Yau kam babu wani "amma" da zai cece shi. Ya zauna yana kwance igiyar takalmi, ya daɗe a kai. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, in ta gama bitar lissafinta kafin Asabar, ta kira kawun nata.

Ta dube shi. "Kai ma za ka zo?"

"Na riga na gani."

"Ka sake gani. Amma da sharaɗi. Ba magana sai mun shiga mota."

Ranar Asabar suka tafi su uku a motar ɗaukar kayan Lasifika, a matse a gaba, wayoyi da sandunan abin magana suna ta ƙaraurawa a baya. Sinimar ta cika. Auta ta zauna a tsakiya. Malam ya cika alkawari, ko da yake sau da yawa maganar takan zo masa har baki ya haɗiye ta da gugguru. Da dutsen ya bugi kumbon, ƙarar ta tashi, Auta ta yi ihu ta cafke hannun kawunta da hannu biyu. Malam yana gani. Nasa hannun yana nan a kan hannun kujera dab da ita, ba ta ko taɓa shi ba. Abin ya sosa masa rai kamar yadda ya saba, bai ragu ba ko kaɗan. Ya mayar da idonsa kan allo.

Suna shiga mota, tun Lasifika bai tayar ba, ta juyo gaba ɗaya ta fuskanci uban.

"To, Abba. Bismillah."

Ya fara da rurin injin, ta yarda. Ya kawo duwatsun da suka cunkushe, ta yarda, ta ma ƙara masa da wani da bai lura da shi ba, wai inuwar kumbon ta faɗi ɓangare biyu alhali rana ɗaya ce. Sai ya zo kan gudumar.

"A nan ban yarda ba," ta ce. "Sauti yana bin ƙarfe. Na ciki dole su ji."

"Na ciki su ji. Mu fa? An nuna mana shi daga waje, kuma mun ji."

"Wa ya ce a waje kunnenmu yake? Ido yana waje, kunne yana ciki tare da yarinyar."

"Ina aka taɓa raba ido da kunne?"

"To shi tsohon da kansa? Gudumar tana hannunsa, hannun yana cikin riga, rigar da iska. Zai ji ko ba zai ji ba?"

Malam ya tura tabarau sama. Ya ce zai ji, amma ba irin wannan ƙarar mai amsa-kuwwa ba, ƙasa-ƙasa zai ji ta, ta ƙashinsa. Ta ce to ai ya ji ke nan. Ya ce ba haka ake lissafi ba. Ta ce ya kawo takarda in sun je gida.

Lasifika yana tuƙi yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Ya yi ƙoƙarin sa baki, ya ce shi dai wajen da kyaftin ya yi tsalle ya fi burge shi, ba wanda ya tanka. Ya sake cewa lasifikar hagun nan shi ya gyara ta, ko sun ji yadda take fita tas? Auta ta ce, "Kawu, tsaya tukuna," ba tare da ta waiwaya ba. Ya kunna rediyo. Malam ya miƙa hannu ya kashe, yana ci gaba da bayanin yadda girgiza take ratsa ƙarfe.

"Ikon Allah," in ji Lasifika. "Ni na kawo ku, ni na zama direba."

Ya shiga gidan mai ya tsaya, ya fita ya sha mai, ya tsaya hira da mai zubawa, ya sayo ruwan sanyi ya dawo. Ya tarar Auta ta huro hucin bakinta a gilashin gaba tana zana ƙofar kumbon da ɗan yatsa, uban yana cewa ta matsar da tsohon gefe, ba a nan yake ba. Ya miƙa musu ruwan, kowa ya karɓa bai dube shi ba. Ya ce su dai bar masa inda zai ga hanya, ya tayar da mota.